Gurmi ko Jita? Tsokaci a Kan Zaɓin Abin Kiɗa Mai Tsirkiya a Ƙasar Kauru

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin maganar ƙwarya da fata da waya a cikin mujallar da aka saba cika ta da waƙoƙi da gajerun labarai. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin waƙoƙin da ɗalibai suke kawowa ba a rubuta su domin su kwanta a takarda ba. Masu su suna rera su, wani a dandalin makon Hausa, wani a majami'a, wani a gidan biki. Da zarar kuwa matashi ya ƙudurta rera abin da ya rubuta, sai ya tarar da tambayar da alƙalami bai taɓa yi masa ba, wato da wane abin kiɗa zai raka muryarsa. A ƙasar Kauru da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, mai sha'awar kiɗan tsirkiya yakan sami kansa a mararraba. Ko dai ya nemi wanda ya iya haɗa gurmi ko molo ko kukuma ya yi masa nasa da hannu, ko kuwa ya tara kuɗi ya hau mota zuwa Kaduna ko Jos ko Kafanchan ya sayo jita, irin wadda ake ƙerawa dubbai a masana'antun ƙasashen Sin da Indonesiya.

Akasarin masu ba da shawara a kan wannan batu sukan tsaya ne a kan kuɗi da ƙarko. Mu kuwa a wannan takarda muna so mu dube shi ta fuskar adabi, domin a ganinmu abin kiɗa yana da hannu a cikin ginin saɗarar waƙa. Ra'ayinmu tun daga farko shi ne, mawaƙin da jarinsa magana ce, wanda yake so a saurari kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, ya fi cin riba idan ya fara da abin kiɗan da aka haɗa da hannu. Za mu kawo hujjojinmu, kuma za mu ba jita haƙƙinta, domin tana da shi.

Ƙasar Kauru

Kauru tsohon gari ne na Hausawa. M. G. Smith, a littafinsa na 1960 a kan sarautar Zazzau, ya sanya shi cikin garuruwan da suke da sarakunansu na gado amma suna biyayya ga Sarkin Zazzau, tare da irin su Kajuru da Lere da Kagarko. A kewayensa akwai al'ummomi masu harsunansu, kamar Kurama da Chawai da Surubu da Ruruma da Binawa, waɗanda Hausa ta zamar musu harshen kasuwa, daga baya kuma harshen majami'a. Saboda haka yaron da ya tashi a Geshere ko Damakasuwa ko cikin garin Kauru ya girma ne da kiɗan tsirkiya iri biyu a kunnensa. Ya ji garayar maharba da gogen gidan biki da kuntigin Ɗan Maraya a rediyo, ya kuma ji jitar ƙungiyar mawaƙan majami'a ranar Lahadi, ko da kuwa ta katangar maƙwabta ce. Ita jitar ba baƙuwar jiya ba ce a wannan yanki. Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar layukan dogo a 1927, ma'aikata daga kudancin ƙasar nan suka cika ta, suka zo da kaɗe-kaɗensu, makarantun mishan kuma suka zo da nasu.

Akwai wani abu da ya kamata mu lura da shi a nan. Masu fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, da suka iso kan kayan kiɗan da ake ambata a cikin Zabura, kalmomin molo da garaya suka ɗauka. Ke nan a majami'un Kauru da Kafanchan ana karanta molo da garaya daga mumbari, a gefe kuma mai jita yana zaune yana gyara wayoyinsa. Sunan ya shiga ɗakin ibada, abin kansa kuwa galibi yana waje.

Yadda ake haɗa su

Kayan kiɗan tsirkiya na Hausa, kamar yadda Ames da King suka jera su a ƙamusunsu na kiɗan Hausa na 1971, sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda ake gogawa da izga, wato goge da ƙanwarsa kukuma, akwai kuma waɗanda ake kaɗawa da yatsa ko da ɗan farce na fata, wato garaya da komo da gurmi da molo da kuntigi. Gininsu duka kusan ɗaya ne. Ana samun ƙoƙon ƙwarya ko itacen da aka fafe, a rufe bakinsa da fata, ta guza ko ta gada ko ta akuya gwargwadon abin da ake haɗawa, a soka gora ta zama wuya, a ɗora jaki a kan fatar, sannan a ja tsirkiya ta bisa jakin a ɗaure ta a wuya da kallabi na fata. Wasu akan maƙala musu ceba a ƙarshen gora, wato ɗan ƙarfe mai zobba da yake yin ƙaraurawa duk lokacin da aka taɓa tsirkiya.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe daga wannan bayani shi ne, babu ma'auni guda. Mai haɗi yakan dubi tsawon hannun mai saye kafin ya yanke gora. Yakan zaɓi ƙoƙo babba ga mai babbar murya, ƙarami ga mai siririyar murya. Wuyan kuma sumul yake, babu wata alama da ta ce yatsa ya tsaya a nan kada ya tsaya a can. Kallabi kuwa ana matsar da shi sama ko ƙasa har sai tsirkiya ta yi daidai da maƙogwaron mai waƙa a wannan rana.

Jita ba haka take ba. Wayoyinta shida ne, kuma a wuyanta an gindaya ƙananan ƙarafa, waɗanda za mu kira matakai, da suka raba tazarar da ke tsakanin amo da ninkinsa gida 12 daidai wa daida. Jitar da aka saya a Jos da wadda aka saya a Landan matakansu ɗaya ne, kuma wannan shi ne ƙarfinta. Ya kamata dai a sani cewa ita ma da hannu aka faro ta. Siffar da muka san jita da ita a yau ta samo asali ne daga aikin wani masassaƙi ɗan ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rasu a 1892, kuma har gobe akwai masu sassaƙa ta da hannu, sai dai kuɗin irin wannan ya fi ƙarfin ɗalibi. Wadda take isowa kasuwanninmu ta falankin da aka manna da gam ce, mai ƙyalli a ido.

Harshe da tsirkiya

A nan ne ainihin maganarmu take. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma mai bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Kowane ɗalibin aji ɗaya ya san wuya na jiki dabam, wuya ta wahala dabam, kuka na hawaye dabam, kuka ta miya dabam, kuma hawa da saukar murya ne kaɗai suka raba su. Manazarta sun daɗe da gano cewa wannan kari ba ya ɓacewa idan magana ta koma waƙa. Paul Richards a 1972 ya auna dangantakar karin harshe da raujin wata waƙar Hausa, ya tarar raujin yana bin karin fiye da yadda za a ce dace ne kawai. Ɗalhatu Muhammad kuma a 1980 ya nuna cewa mawaƙan Hausa sukan daidaita karin ƙarshen saɗaru, abin da ake kira amsa-amon kari. Bayan wannan, jimlar Hausa tana da ɗabi'ar gangarowa, wato takan faro daga sama ta riƙa sauka har ta dire, kuma duk wanda ya saurari makaɗan baka da kyau zai ji ɗiyan waƙoƙinsu suna yin irin wannan gangara.

To, me abin kiɗa yake yi a cikin wannan sha'ani? Gurmi ko kukuma ba su da wani abin faɗa sai abin da murya ta faɗa. Amonsu 'yan kaɗan ne, galibi matakai biyar, kuma yatsa yana iya zamewa tsakanin wannan da wancan kamar yadda murya take zamewa a kan gaɓa mai faɗuwar kari. Mai kukuma yakan rera saɗara, sannan izga ta maimaita ta, har mai sauraro ya ji kamar kalmomin ne suke fitowa daga tsirkiya. Wanda ya saurari Ibrahim Nahabu ko Hassan Wayam da kukuma, ko Haruna Uji da gurmi, ya san abin da muke nufi. A wurinsu magana ce take gaba, tsirkiya tana biye.

Matashin da ya fara da jita kuwa, abin da ake soma koya masa shi ne dunƙulen amo, wato ya danne waya uku ko huɗu ya kaɗa su tare. Akan ba shi irin waɗannan dunƙule uku ko huɗu, a nuna masa yadda suke zagayawa su dawo gida, sai ya ji ya iya kiɗa cikin mako biyu. Daga nan idan ya zo yin waƙa, zagayen ya riga ya kafu, abin da ya rage shi ne ya cusa kalmomi a ciki. Inda zagayen ya ce murya ta hau, sai ta hau, ko da gaɓar mai karin ƙasa ce. Inda ya ce a ja, sai a ja gajeren wasali ya zama dogo. Mu ɗauki jimla mai sauƙi, a ce mawaƙi yana so ya ce ya kwana yana kuka. Idan raujin da jita ta ba shi ya faɗo a kan gaɓar ƙarshe, abin da kunnen Bahaushe zai ji shi ne itaciyar kuka. Gaskiya ne muhallin magana yakan ceci ma'ana, ba wanda zai zaci mutumin ya zama bishiya. Amma kunne ya riga ya yi tuntuɓe, kuma idan tuntuɓen ya yawaita sai mai sauraro ya daina bin kalmomi ya koma bin kiɗa. Wannan ita ce asarar da muke ji wa marubucin da ya sha wahalar zaɓen kalma.

Illar ba ta tsaya ga kari ba, ta shafi tsawon saɗara. Zagayen jita mai tsayayyen awo ne, kowace saɗara dole ta cika gurbinta. Ɗan waƙar baka kuwa yana iya zama saɗara biyu, na bayansa ya zama goma, kuma makaɗi yana iya tsayar da magana ya bar tsirkiya ta yi ta juyi a wuri ɗaya har sai wata magana ta zo masa. Mun sha ganin waƙoƙin ɗalibai waɗanda a takarda suna da ƙarfi, amma da aka ɗora su a kan jita sai aka cike gurabe da kalmomin banza, irin su ai da fa da wayyo, aka yanke wasu saɗarun a tsakiyar tunani. Ba mu ce laifin jita ba ne ita kaɗai. Waƙoƙin majami'a da aka fassara daga Turanci aka bar su a kan raujinsu na asali sun daɗe da sabar wa kunnuwa da karyayyen kari, waƙoƙin finafinai da aka ɗora a kan fiyano tun daga ƙarshen shekarun 1990 su ma sun ƙara nasu. Jita ta zo ta tarar da ƙasa a jiƙe ne.

Sai kuma maganar ceba. A masana'anta, idan jita tana zuza ko tana ƙaraurawa, an yi kuskure ke nan, sai a mayar da ita. A wurin mai garaya kuwa zuzar ce gishirin kiɗan, da gangan ya maƙala ƙarfen da zai yi ta. Abin da wannan yake kira aibi shi wancan yake kira daɗi, kuma matashin da ya horar da kunnensa da tsabtataccen amon waya kaɗai zai wayi gari yana jin kiɗan kakanninsa kamar hayaniya.

Gwangwanin Ɗan Maraya

Kada a ɗauka muna yabon abin hannu ne domin tsufansa, ko domin wai babu komai na masana'anta a jikinsa. Mafi shaharar abin kiɗa mai tsirkiya a wannan yanki namu shi ne kuntigin Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, kuma jikin kuntigi gwangwanin kifi ne da aka rufe da fata. Gwangwanin daga masana'anta ya fito. Haka nan masu gurmi da molo da yawa sun daɗe da barin jijiya da gashi sun koma wayar burkin keke ko zaren fatsa na roba. Abin da ya mai da kuntigi na hannu shi ne wanda ya yanke shawarar tsawonsa da amonsa yana zaune kusa da wanda zai kaɗa shi, ko ma shi ne mai kaɗawar.

Idan muka dubi waƙoƙin Ɗan Maraya, irin su Waƙar Karen Mota da Jawabin Aure da Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali, za mu ga yadda tsirkiya guda ta tsara zubinsu. Ba shi da 'yan amshi, saboda haka kuntigin ne yake karɓa masa a ƙarshen kowace magana. Amon kuntigi gajere ne, ba ya daɗewa a iska, saboda haka saɗarun gajeru ne masu sauri, kusa da maganar yau da kullum. Kuma da yake kiɗan ba ya tilasta masa wani zagaye, yana iya sauya murya ya zama miji, ya sauya ya zama mata, ya mayar da waƙa wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Da an miƙa masa waya shida da dunƙulen amo tun yana yaro, da wataƙila an sami makaɗi mai daɗin kiɗa, amma muna shakkar a sami wannan salo.

A ɗaya ɓangaren akwai Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, wanda ya yi waƙoƙin Hausa da jita da ƙahoni tare da ƙungiyarsa a Kaduna. Waƙoƙinsa suna da daɗi, kuma sun shiga gidaje da yawa a kudancin Kaduna da Filato. Amma a nazarinmu kalmominsa kaɗan ne, ana maimaita su, nauyin aikin yana kan kiɗa. Wannan ma fasaha ce, sai dai fasahar mai ƙungiya ce. Ɗalibin da yake rubuta ɗiya ashirin a kan halin da manomin Kauru yake ciki yana bukatar abin da zai ba shi fili ya yi magana.

Haƙƙin jita

Yanzu bari mu juyo ga abin da masu jita suke faɗa, domin ba su rasa gaskiya ba. Na farko, fata tana jin yanayi. Damina a Kauru ta fi ta Kano tsawo da laima, kuma a watan Agusta fatar gurmi takan saki har amon ya mutu, sai an kai ta kusa da garwashi an ɗumama kafin ta dawo. Mai kiɗan da aka ba minti goma a dandali ba shi da lokacin hura wuta. Ita ma jitar falanki tana da nata lokacin wahala, domin hunturu yakan busar da ita ya lanƙwasa wuyanta ko ya ɗaga jakinta, kuma idan ta lalace babu mai gyaranta a ƙauye, alhali mai gurmi yana iya sauya fata da tsirkiya da kansa. Amma a ranar wasa jita ta fi riƙe alkawari.

Na biyu, wanda ya fi nauyi, shi ne haɗa kai. Rashin ma'auni guda da muka yaba ɗazu shi ne yake hana gurmi uku daga hannun mutum uku su yi kiɗa tare cikin sauƙi, balle su haɗu da fiyano. Ƙungiyar mawaƙan majami'a mai muryoyi huɗu, wadda take rera abin da aka rubuta a littafi, jita ce daidai da ita, kuma ba za mu ba ta shawarar ta sauya ba. Ga kuma ƙarar amo. Kukuma a ɗaki tana cika kunne, amma a filin makaranta sai da lasifika, jitar lantarki kuwa an yi ta ne domin fili.

Akwai kuma maganar mutunci, wadda ba a cika faɗarta a fili ba. A ƙasar Hausa goge da garaya sun daɗe suna ɗauke da tabon bori da gidajen magajiya, kamar yadda Fremont Besmer ya nuna a littafinsa na 1983 a kan makaɗan bori, malamai kuma sun daɗe suna ƙyamar su. A wajen al'ummomin da suka karɓi Kiristanci, tsofaffin kayan kiɗa sun tuna musu da tsafin da suka bari. Ke nan daga ɓangarorin biyu yaro yana iya shigowa gida da jita a ce ɗan boko ne, amma idan ya shigo da goge a ce ya lalace. Ba mu raina wannan damuwa ba, domin mutum da iyayensa yake zaune. Abin da kawai za mu ce shi ne, Jami'ar Jos da ta ba Ɗan Maraya digirin girmamawa ba ta nemi ya ajiye gwangwaninsa ba.

Sannan ba duk abin da hannu ya haɗa ne yake da kyau ba. Walter Benjamin, a maƙalarsa ta 1936, ya yi maganar wani kwarjini da aikin fasaha tilo yake da shi, wanda yake gushewa idan inji ya ninka shi. Masu sha'awar gargajiya suna son wannan magana, amma mu ba a kanta muka dogara ba. Kwarjini ba ya yin kiɗa. A wani gwaji da Claudia Fritz da abokan aikinta suka buga sakamakonsa a 2014, an rufe wa ƙwararrun masu gogen Turawa goma ido, aka ba su tsofaffin goge na Italiya, har da na Stradivari, a haɗe da sababbi, sai shida daga cikinsu suka zaɓi sabo. Suna da tsufa ba su rinjayi kunne ba. A wurinmu ma akwai gurmi da goge da ake yi domin rataya a bangon otal, masu siririn ƙoƙo da ɗanyar fata da ado mai yawa, waɗanda jita mafi araha ta fi su amfani.

Abin da ya faru a wasu ƙasashe

Tarihin wani abin kiɗa na Amurka da ake kira banjo ya isa ya zama madubi. Asalinsa ɗan'uwan gurmi ne, ƙwarya da fata da wuya sumul, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka haɗa a tsibiran Karebiyan. A shekarun 1840 William Boucher ya fara ƙera shi don sayarwa a Baltimore, ƙwarya ta ba da wuri ga zoben katako da ƙarafan ɗaure fata. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 an gindaya masa matakai, a tsakiyar ƙarni na 20 kuma roba ta maye gurbin fata. Ya ƙara ƙara, ya ƙara ƙarko, ya daina jin damina, amma ya zama wani abu dabam mai wani kiɗa dabam, har jikokin waɗanda suka ƙirƙiro shi suka daɗe suna ganinsa kamar kayan wasu. A 'yan shekarun nan ne irin su Rhiannon Giddens suka koma neman tsohon samfurin marar matakai domin su ji yadda tsofaffin waƙoƙin suke.

A Senegal kuwa an bi wata hanya ta tsakiya. Masu ibada na gidan Keur Moussa sun buɗe ɗakin haɗa kora a shekarun 1970, suka bar ƙwarya da fata yadda suke, suka sauya zobban fata na ɗaure tsirkiya da maɗaura masu juyawa, domin kora ta riƙe amonta a cikin ƙungiya. Ba mu ga abin da zai hana a gwada irin wannan a kan gurmi da molo ba, kuma kwalejin ilimi ta Gidan Waya ko harabar Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan wurare ne da suka dace da irin wannan gwaji.

Misalin da ya fi ƙarfafa ra'ayinmu dai daga masu jitar kansu ya fito. Ali Farka Toure na Mali, wanda ya rasu a 2006, ya fara ne da ɗan molo mai tsirkiya ɗaya da ƙaramin goge na ƙasarsu, kuma da ya ɗauki jita sai ya kaɗa ta da yatsun da suka saba da waɗancan, ya sa ta bin harshensa. Mdou Moctar na Nijar kuwa jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar keke. Waɗannan mutane jita ba ta karya musu harshe ba, domin sun zo mata da kunnen da ya riga ya ginu a wani wuri. Saboda haka ba mu cewa kada ɗalibi ya taɓa jita. Cewa muke yi wanne zai fara riƙewa, domin abin da yatsa ya fara koya shi yake zama harshen uwa gare shi.

Ga wanda ya yanke shawara

Wanda ya zaɓi abin hannu, kada ya aika a sayo masa. Ya je da kansa wurin mai haɗi, ya fi kyau a ce mai haɗin makaɗi ne, kuma ya je da waƙarsa a baki, ya rera masa ɗa ɗaya ko biyu kafin a yanke gora. Ya ƙwanƙwasa ƙoƙon ya ji kaurinsa, ya duba ko ƙwaro ya huda shi, ya shinshina fatar domin wadda ba ta bushe ba tana da wari. Idan da hali a yi aikin da rani, a kuma ba shi fata da tsirkiya na ajiya, ya zauna ya ga yadda ake ɗaura su. Ranar da zai shiga ɗakin ɗaukar murya, ya faɗa wa mai na'ura tun da wuri cewa zuzar ceba ba matsala ba ce, kada ya goge ta.

Ƙungiyoyin Hausa na makarantu kuwa, waɗanda suke so ɗalibai biyu ko uku su yi kiɗa tare, su ba mutum ɗaya aikin gaba ɗaya a lokaci ɗaya, su roƙe shi ya raba ƙwarya guda biyu ya yi gurmi biyu da ita, ya yanke gorunan a tsawo ɗaya, ya rufe su da fatar dabba iri ɗaya.